Na harbi gwanki a kan dutse ya faɗa kwazazzabo, sai da safe muka same shi, ya halatta a ci?

Tambaya:

Assalamu alaikum Allah gafarta Malam. Ni ɗan Tudun Wada ne nan Zariya amma harkar kasuwa tana kai ni Gembu can saman Mambila, toh a can na saba da wasu maharba har nakan bi su daji in na samu sarari. Watan jiya mun yi tafiyar kwana biyu a ƙasa cikin duwatsu inda ko sabis ɗin waya babu, dab da magariba na hango gwanki a bakin wani gangare na yi bismillah na sakar masa wuta, ya yi tsalle ya faɗa wani kwazazzabo mai zurfi ga duhu ya shigo ba halin sauka. Sai da gari ya waye muka zagaya muka tarar da shi ya mutu, kansa cikin ruwan rafi, wuya a karye, harsashin kuma a cinyar baya ya same shi. Abokan tafiya suka ce tunda na yi bismillah ai shikenan, muka feɗe muka yi banda na taho da rabona gida, amma zuciyata ta ƙi kwanciya har na hana maiɗakina ta sa a tukunya. Malam meye hukuncinsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka ɗana da ka dakatar da tukunyar nan ka tambaya tukuna. Wannan gwankin mushe ne, kar ku ci, amma bari in warware maka dalilin sosai don gobe in kun koma daji kar a sake rufe maka baki da maganar bismillah.

Ita farauta a kanta halal ce babu ja. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2 idan kun sauka daga harami to ku yi farauta, a aya ta 4 kuma ya halatta abin da horarrun karnuka suka kamo mana in an ambaci sunan Allah. Mai Risala, wato littafin fiƙihun Malikiyya wadda duk ɗan makarantar zaure a garin nan ya ratsa ta, ya ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa ta halatta. Bindiga ma ba matsala. Abin da magabata suka hana shine busasshen dunƙulen yumɓu da ake harbawa saboda shi bugu yake yi ba ya huda jiki, kuma haka Annabi (SAW) ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim a hadisin Bukhari da Muslim game da sandar jifa mai tsini, ya ce in ta samu dabba da kaifinta ka ci, in da gefenta ta buge ta to kar ka ci. Da harsashin dalma ya bayyana sai malaman Malikiyya na baya irin su Shehu Dardir suka ce ana cin abin da ya kashe domin hudawarsa ta fi ta kibiya ma ƙarfi. Don haka bindigar toka ce a hannunka ko ta Bature duk ɗaya ne, kuma bismillarka tana nan daram.

Toh ina matsalar take? Kaga shari'a ta yi wa maharbi sassauci babba, dabbar daji ba za ta tsaya ka kayar da ita ka fuskantar da ita gabas kamar ragon layya ba, sai aka ce raunin da makaminka ya yi mata a ko'ina a jikinta ya tsaya a matsayin yanka, amma da sharaɗi guda, ya zama ka tabbata shi wannan raunin ne ya kashe ta ba wani abu daban ba. Bismillah a kan harbinka ka yi ta, ba ka yi ta a kan dutsen da ya karya masa wuya ba ko ruwan da ya shaƙe shi.

Duba aya ta 3 a wannan surar dai, cikin abubuwan da Allah ya lissafa ya haramta akwai almutaraddiya, wato dabbar da ta gangaro daga wuri mai tsawo ta mutu, sai dai in kun riske ta da rai kun yanka. Ga kuma ragowar hadisin Adiyyu inda Annabi (SAW) ya ce masa in ka tarar da abin da ka harba ya faɗa ruwa kar ka ci, domin ba ka sani ba ruwan ne ya kashe shi ko kibiyarka. Kai abu biyun nan duk sun haɗu a kan gwankinka, faɗuwa da ruwa, sannan ga inda harsashin ya shiga. Malamanmu sun ƙidaya wuraren kisa guda 5, wato laka ta tsinke, ko ƙwaƙwalwa ta tarwatse, ko jijiyar wuya ta yanke, ko kayan ciki irin su hanta da zuciya su bar mazauninsu, ko hanji ya huje. Da a ɗaya cikin waɗannan ka same shi da sai in ce maka a mazhabarmu faɗuwar ba ta cutar da komai, tunda kafin ya kai ƙasa hukuncinsa na yankakke ne, duk da akwai malaman da ko a nan ɗin ma suka tsananta. Amma cinyar baya? Ka tambayi kowane tsohon maharbi, babbar dabba kamar gwanki ko ɓauna tana iya yawo kwana da kwanaki da harsashi a cinya, wata ma ta warke. Ga wuya a karye a gabanku kuna kallo, wallahi ko shakka ba ta kai ba, zato mafi ƙarfi dutse ne ya kashe shi.

Maganar kwanan da ya yi ba ku gan shi ba, ita kaɗai ba za ta sa in ce mushe ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya karhanta cin abin da ya kwana a ɓoye ga maharbi, domin da dare namun daji da ƙwari na yawo ba ka san me ya taɓa shi ba, amma akwai hadisin Abu Sa'alaba a Muslim cewa ko bayan kwana 3 ka same shi ka ci matuƙar bai yi wari ba, kuma shi kansa mai Risala ya kawo ƙaulin cewa in an samu kibiya a wurin kisa ba laifi. Ni nan na fi karkata, musamman a irin waɗancan duwatsu da saukar dare halaka ce, ba zan ce wa mutum ya jefa ransa cikin kwazazzabo saboda nama ba. Kun yi daidai da kuka jira safiya.

Kuskuren tun kafin a ja kunamar bindiga aka yi shi. Ka ga dabba a bakin gangare, rana ta kusa faɗuwa, ka san in ta faɗi ba ka iya kai mata, toh meye na harbi? Dabbar nan ta yiwu ta kwana tana shure-shure cikin duhu da karyayyen jiki, ita ta wahala kai ba ka amfana ba, alhali Annabi (SAW) ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. In harbin bai zauna maka ba ka bar ta ta wuce, arzikinka ba zai tsere maka ba. Kuma wuƙarka ta kasance a ƙugunka a wase, domin a littafin fiƙihunmu na Mukhtasar an faɗa ƙarara cewa wanda ya riski dabba da sauran rai amma wuƙarsa na can ƙasan jaka ko hannun wani yaro a baya har ta mutu kafin ya zaro, ba a cin ta, sakacinsa ne ya jawo. Haka kibiya mai dafi in ba a san dafin ne ya kashe ko kaifin ba, haka abin da aka tarar ya mutu a tarkon waya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru ba tunda ka ce Mambila. Hanyarku ta Serti zuwa Gembu tana bi ta gefen gandun dajin Gashaka Gumti ne, wanda gwamnati ta killace tun 1991, shine mafi girma a Najeriya, ya ratsa Taraba da Adamawa. Farauta a cikinsa doka ta hana, kuma wannan hanin yana da asali a addini, Annabi (SAW) ya killace filin kiwo na Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace na Rabaza don maslahar jama'a, saboda haka shugaba na da ikon cewa nan ba a taɓawa kuma bin sa wajibi ne. Wanda ya saci jiki ya shiga ya yanka da kyau naman bai zama mushe ba amma yana da zunubin saɓa wa hukuma, ga kai kai ga ɗauri. Ka bincika sosai ina iyaka take kafin ka bi kowa, kuma bindigar ta zama mai lasisi. Muna yara a garin nan in rani ya yi za ka ji kalangu da haushin karnuka 'yan farauta sun nufi bayan Kufena, da yamma su dawo da gada ko barewa a kafaɗa yara na bin su a guje, yau in an samo zomo da gafiya an gode Allah. Abin yana min ciwo, kuma ba na so jikokin mutanen can su wayi gari sai dai a ba su labarin gwanki.

Ita bandar da ke gidanka kar a dafa, kar a sayar, kar a yi kyauta da ita ga maƙwabta, in kuna da karnuka a ba su in babu a haƙa rami a binne. Abin da kuka ci a daji kuna zaton halal ne ina fata Allah ba zai kama ku da shi ba, ku yi istigfari, sannan ka kira abokan tafiyarka in sun fito inda sabis yake ka sanar da su cikin girmamawa, wataƙila su ma akwai saura a ɗakinsu.

Wallahu a'alam.