Sati biyu a kan hoto shida: yaya ake tsara sitoribod?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karatun zane a Marwa. An ba mu aikin katun na minti ɗaya, aka ce mu fara kawo sitoribod, wato jerin zane-zanen da ke nuna yadda labarin zai tafi hoto bayan hoto. Labarina na akuya ce da ta saci ƙosai, yaro ya bi ta. Sati biyu ke nan ina kan hoto shida, ina ta gyaran fuska da launi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanwata, kin fara shafe tun ba a ɗora tubali ba. Ajiye launin nan.

Yi lissafi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu katun kuma sukan riƙe kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Minti ɗayanki zane 720 ke nan. Amfanin sitoribod shi ne ki gano abin da bai yi ba tun yana kan takarda, inda yagewa ba asara ba ce. Da ma haka aka soma shi a kamfanin Disney farkon shekarun 1930: zane-zanen gaggawa a manne jikin bango, ana sauya musu wuri.

Ki yanka takarda ƙanana, faɗi 16 tsayi 9, kamar fuskar talabijin. Mutum ya zama da'ira da sanda, ya isa. Kowace takarda ta amsa abu biyu: daga ina mai kallo yake gani, kuma me ya canza? Fara da nesa, a ga mai ƙosai da kaskonta. Matso kusa, bakin akuya a cikin tire. Sai idon yaron. Kibiya ta nuna motsi, a ƙasa ki rubuta daƙiƙa nawa da sautin da za a ji.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne gudun. In akuya ta nufi dama, ta ci gaba da nufar dama har ta gangara yashin Mayo Kaliyaw, kogin nan na Marwa, yaron ma haka. Kika juya ta hagu ba dalili, mai kallo zai zaci ta dawo ne za su yi karo.

Idan kin gama, ki ɗauki hoton takardun da waya, ki jera su a manhajar CapCut ko Krita, ki sa muryarki da kukan akuya. Ki nuna wa ƙaramin yaro a gida, kada ki ce masa komai. Duk inda ya tambaye ki "me ya faru?", wannan takardar za ki sake.