Tambaya da Amsa: Zan je baje kolin macizai, in sayo ko in tsaya kallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Karatu ne ya kawo ni Jamus, toh akwai wani abokina da yake kiwon macizai a ɗakinshi, tun ina tsoro har na fara riƙewa, yanzu kam abin ya shiga raina sosai. Ya ce zai kai ni baje kolin da ake yi a garin Ham, wai in ina so nan ne wurin saye. Ni kuma duk abin da na sani daga bidiyon YouTube ne sai wani tsohon littafi da ya ara min. In saya ranar ko in bari? Kuma littafin zan bi ko 'yan intanet, don maganarsu ba ta haɗuwa.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka je, wannan kam ka je, amma zuwan farko ka dawo hannu rabbana. Baje kolin da yake nufi shi ne Terraristika, yana cikin mafi girma a duniya, irinsu ne wanda ake yi a Daytona ta jihar Filorida duk watan Agusta da na Tinley Park kusa da Shikago. Tebur ne jere bayan tebur, macizai cikin 'yan robobi masu murfi, ga ƙadangaru ga hawainiya ga kunkuru ga masu sayar da fitilu da akwatuna da littattafai, ga cunkoso, kuma a irin wannan hayaniyar ne mutum yake ganin launi ya burge shi ya zaro kuɗi alhali ko wurin da zai ajiye dabbar bai tanada ba. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, da zafin wurin da yake ciki yake narkar da abinci, in ka kai shi ɗaki mai sanyi cikin roba kana cewa gobe za ka sayi akwati toh tun daren farko ka fara cutar da shi.

Macizan da za ka fi gani iri biyu ne, macijin masara na kudu maso gabashin Amurka da kuma ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius, asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, an daɗe ana fitar da ita daga Gana da Togo da Benin. Duka biyun ba su da dafi. Amma ka san mesar nan tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, akwai wadda ta yi ƙwai a gidan zoo na St. Louis a 2020 tana da shekara wajen 62. Kai kuma ɗalibi ne, in ka gama karatu wa za ka bar wa? Tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido, ba a tsallaka iyaka da ita sai da takardu. Ka tambayi mai gidan da kake haya tukuna, sannan dokar kiwon wasu nau'in ta bambanta daga jiha zuwa jiha a Jamus. Masu dafi kuwa kar ma ka fara, haka manyan mesoshi, irinsu ne suka cika fadamar Everglades ta jihar Filorida har Amurka ta hana shigo da mesar ƙasar Bama a 2012.

Ranar ka tafi da ɗan littafin rubutu ka yi ta tambaya. A hannu aka ƙyanƙyashe shi ko daga daji aka kamo, yaushe aka ƙyanƙyashe, me yake ci, yaushe ya ci na ƙarshe, yana karɓar ɓeran da aka daskarar a firiza ko sai mai rai. Mai kiwon kirki yana da wannan a rubuce kuma ba zai ji haushinka ba. Ka dubi dabbar da kyau, in kana jin ƙara a numfashinta ko ka ga majina a baki, ko guntun tsohuwar saɓa ya maƙale a ido ko jela, ko 'yan ƙwari baƙaƙe kamar ɗigon biro suna yawo tsakanin ɓawon fata, ka wuce. Ƙwarin nan jini suke sha kuma suna bin hannu da riga daga tebur zuwa tebur, shi ya sa ake wanke hannu kafin a taɓa da bayan an taɓa, ga kuma ƙwayar cutar salmonela da ke jikin dabbobi masu jan ciki. Akwai wani launin mesa da ake kira gizo-gizo, kyakkyawa ne ƙwarai amma gadon da ya ba shi launin yana zuwa da rawar kai da rashin daidaiton jiki, ni dai ba na son a ƙarfafa cinikinsa ko kaɗan.

Maganar littafi kuma, a nan ne nake so ka kashe kuɗinka ranar. Ka fara duba shekarar da aka buga na hannunka. Tsofaffin littattafai, irin na Carl Kauffeld wanda ya kula da macizai a gidan zoo na Staten Island kuma ya fitar da littafinsa kan kiwonsu a 1969, ba a fi su iya kallon ɗabi'ar maciji ba, mutane ne da suka bi shi har daji suka san inda yake kwana da lokacin da yake fita. Amma wajen kayan aiki an wuce su, wasu tsofaffin littattafan za ka ga suna yabon dutsen lantarki mai ɗumama ciki wanda yanzu aka san yana ƙona macizai, ko su ce ƙaramin akwati ya isa. 'Yan bidiyo kuma da yawansu masu sayarwa ne, abin da ke sauƙaƙa wa mai macizai ɗari shi suke nuna maka, kai mai guda ɗaya ba dole ka bi ba. Ka nemi littafi na kwanan nan da aka rubuta kan nau'in da kake so shi kaɗai, wanda ya faɗi yanayin ƙasar da dabbar ta fito, in kuma akwai hannun likitan dabbobi a ciki ya fi. In littafi da bidiyo sun saɓa ka tambayi kanka wanne ya fi kusa da yadda dabbar take rayuwa a daji. A ƙungiyar DGHT ta masu wannan harkar a Jamus ma za ka samu mujallu da mutanen da za su duba maka.

In ka karanta ka haɗa akwatin, ka kunna shi wajen sati ba komai ciki kana auna zafi, gefe ɗaya kamar digiri 31 ɗayan kamar 26 in mesar ce, da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya wuce, maɓuya biyu da kwanon ruwa. Baje kolin Ham sau da yawa ake yinsa a shekara, wani zai zo. Kuma in ka sayo kar ka kai shi kusa da na abokinka sai ya yi wata biyu zuwa uku a killace.