Amsa: Me ya sa ake sa rodi a cikin kankare?

Malam, ka tambaya: tunda kankare yana da tauri kamar dutse, mene ne amfanin rodin da ake sa masa?

Kankare gwani ne wajen jure nauyin da ya danne shi. Amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ka dubi dekin bene: idan nauyi ya hau tsakiyarsa, samansa na matsewa, ƙasansa na miƙewa, kuma daga ƙasan tsagewa ke farawa. Rodi ne ke riƙe wannan jan, shi ya sa ake jera shi ta ƙasa. Ga shi kuma zafi yana buɗa ƙarfe da kankare kusan daidai da juna, don haka ba sa rabuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu magina ke barin rodi dab da fatar kankare. Danshi ya same shi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. A sa ƴan tokarai a ɗaga rodin kafin zubi, a guji yashi mai gishiri, sannan a riƙa ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7. Sai ya kai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa.