Tambaya da Amsa: Hutun iyali a Hurgada

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina shirin kai mahaifiyata Alkahira ganin likita, tare da maiɗakina da yaranmu biyu. Idan an sallame mu lafiya, ina so mu ɗan huta a bakin teku kafin mu dawo. Wani mai sayar da tikitin jirgi ya ba ni shawarar Hurgada, ya ce ƙauyen masunta ne mai natsuwa. Shin haka ne? Kuma magidanci Musulmi zai iya kai iyalinsa can ba tare da ya ji kunya ba, ga shi a cikinmu babu wanda ya iya iyo? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri.

Mai tikitin nan tsohon labari ya ba ka. Hurgada, wadda Misirawa ke kira Gardaƙa, ta faro ne a farkon ƙarni na 20 a matsayin zangon masunta a gaɓar Bahar Maliya, kuma ko bayan da aka samu man fetur a yankin cikin 1913 ba ta zama wani babban gari ba. Sai a shekarun 1980 gwamnatin Masar ta buɗe gaɓar ga masu zuba jari, otal-otal suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, har garin ya miƙe kusan kilomita 40 a gefen ruwa. Yau ita ce hedikwatar jihar Bahar Maliya, tana da filin jirgin sama da ke karɓar jirage kai tsaye daga Jamus, Rasha, Ingila da sauran ƙasashen Turai. Wanda ya je neman bukkoki da komar masunta shanye a rana zai tarar da fitilu da kantuna da motocin 'yan yawon buɗe ido.

Wannan bai sa na hana ka zuwa ba, sai dai ina so ka san cewa unguwar da ka sauka da otal ɗin da ka kama su ne za su gyara hutun ko su ɓata shi. Tsohon gari shi ne Dahar, a arewa, inda kasuwar kayan miya da gidajen 'yan gari suke, kuma can ne kaya suka fi sauƙi. Sakala tana tsakiya, kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, ita ce unguwar hayaniya da gidajen abinci. Daga nan zuwa kudu sai jerin manyan otal-otal, har zuwa Sahal Hashish da Makadi, waɗanda suke wajen gari, kowanne da katangarsa da nasa yanki na bakin ruwa. Akwai kuma Al-Guna, kimanin kilomita 25 a arewa, garin da attajirin nan Samih Sawiris ya fara ginawa a 1989. Yana da tsafta da tsari, amma da tsada.

Abin da ya saura na masunta yana Sakala, kuma a ganina shi ne wurin da ya fi cancanta ka kai Hajiya. Babban Masallacin Mina, wanda aka buɗe a 2012, yana tsaye a bakin ruwa da hasumiyoyinsa biyu, kuma kasuwar kifi tana dab da shi. Ka je da safe, lokacin da kifin ke jere a kan ƙanƙara: jajayen najil masu ɗigo-ɗigon shuɗi, da sha'ur, da jatan lande tsibi-tsibi. Al'adar wurin ita ce ka zaɓi kifinka, a auna maka da kilo, sannan ka kai wa masu gashi da ke kusa, su tsaga shi, su shafa masa tafarnuwa da lemun tsami da kayan ƙamshi, su kawo maka shi da shinkafar da aka dafa da soyayyar albasa, wadda suke kira sayadiya. Ka yi ciniki kafin a ɗora kifin a kan sikeli, ka kuma tambayi kuɗin gashi tun da wuri, domin farashin da ake fara faɗa wa baƙo ba shi ne na gaskiya ba.

Batun kunya kuwa, gara in faɗa maka ƙarara. Yawancin bakin ruwa mallakar otal-otal ne, kuma a manyansu, inda ake biyan kuɗin ɗaki da ci da sha a dunƙule, ana ba da giya, Turawa kuma suna kwance a rana da 'yan guntayen kayan wanka. Amma Misirawa ma suna zuwa da iyalansu, musamman a hutun bazara da na salla, matansu suna shiga ruwa da kayan wanka masu rufe jiki. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa otal ɗin ka tambaye su ko suna sayar da giya, ko suna barin mata su shiga wurin iyo da kaya masu rufe jiki (wasu suna da ƙa'idar da ta hana), sannan ko akwai ɗan wurin iyo mara zurfi na yara. Ka riƙe amsar a rubuce. Wasu iyalan sun fi son kama gida na 'yan kwanaki su riƙa girkinsu, su biya kuɗin shiga bakin ruwa ranar da suke so, kuma ga mara lafiyar da likita ya tsara wa abinci wannan ya fi dacewa. Nama da abinci gaba ɗaya ba abin damuwa ba ne, ruwan sha kuwa na gora za ku saya.

Rashin iya iyo ba zai hana ku ganin abin da ya tara duniya a can ba, wato duwatsun murjani da kifaye masu launi iri-iri da ke ƙarƙashin ruwa. Akwai jiragen da ƙasansu gilashi ne, mutum yana zaune da kayansa yana kallo. Akwai kuma masu kai mutane tsibirin Giftun su wuni, inda ruwan bakin gaɓa bai da zurfi, har kana ganin yatsun ƙafarka. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa tun daga tashi, kuma kada a taka murjani ko a ɓalle shi, domin abu ne mai rai kuma doka ta hana.

Daga Alkahira tafiyar kimanin kilomita 460 ce, awa biyar zuwa shida a bas, ko awa ɗaya a jirgin sama, wanda shi na fi so wa Hajiya idan likita ya yarda. Oktoba, Nuwamba, Maris da Afrilu sun fi daɗi. A Yuli da Agusta zafi yakan kai digiri 40, a Janairu kuma iskar dare tana kaɗawa kamar ta hunturu, don haka a tafi da rigunan sanyi.

TAMBAYA: Malam, na ga labarin kifi ya kashe mutum a Hurgada. Ashe ba haɗari ba ne a bar yara su shiga ruwan? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama, labarin gaskiya ne. A Yulin 2022 kifin shak ya kashe mata biyu a kusa da Sahal Hashish, a Yunin 2023 kuma ya kashe wani saurayi ɗan Rasha a gaɓar garin, kuma duk sau biyun hukumomi sun rufe wani ɓangare na gaɓar na ɗan lokaci. Idan aka duba ɗimbin jama'ar da ke shiga ruwan kowace shekara, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Ni jiragen yawo sun fi tsaya mini a rai, domin a Maris na 2025 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya nutse a can, mutum shida suka rasu. Yara su tsaya inda aka kewaye da igiya, a gaban mai tsaron wurin, da babba kusa da su, kuma kada kowa ya shiga ruwa da asuba ko da almuru, ko ya jefa wa kifi abinci. Idan iska ta tashi aka ɗaga jar tuta, ko kika ga an cika jirgi fiye da kima, ki haƙura da fitar ranar ko da an riga an biya kuɗi.