Tambaya da Amsa: Fadamarmu ta bakin kogi ta zama saura, ina masu haya suka shiga?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni dattijo ne a Rafin Guza nan Kaduna, shekarata 63, jikana ne ma ke rubuta min wannan a waya. Muna da fadama a bakin kogi da muka gada wurin mahaifinmu ni da ƙannena, tun yana raye aka yanka ta gida 14 ana ba mutane haya suna noman rani, tumatir da albasa da latas da alayyafo da sauransu. Da can wallahi tun ruwa bai ɗauke ba mutane ke sintiri a ƙofar gidana, wani har sai ya haɗa ni da mai unguwa a sa baki kafin ya samu wuri, amma bara mutum 6 kawai suka kama, bana 4, su ma duk tsofaffi ne irina, sauran wurin ciyawa ta cinye shi. Yanzu ƙannena sun matsa a sayar a yanka fuloti kowa ya kama rabonsa, dillalai kuma kullum suna hanya. Ni dai a ganina yaran yanzu ne ba sa son wahala, sai Keke da POS da danna waya. To Malam me ka gani, in rage kuɗin hayar ne ko in bi ƙannena mu sayar?

Daga wani dattijo, Rafin Guza

AMSA

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ji ƙan mahaifinku, shi ma jikan da ya rubuta Allah ya yi masa albarka.

Baba ka yi min afuwa amma maganar cewa yara ba sa son wahala ban yarda da ita ba, kuma daga nan nake so mu fara don in aka ɗora wa lalaci laifin to ba za a taɓa gano maganin ba. Yaron da ke fita da Keke tun asuba ya wuni cikin rana da hayaƙi tsakanin Kawo da Kasuwa sai dare ya kai balas, ai ba hutu yake ba. Abin da ya bambanta shi da mai lambu shi ne shi kullum yamma zai ga kuɗi a hannu ko yaya suke, mai tumatir kuwa sai ya yi ta zubawa wajen wata uku kafin ya ga kwandon farko, in ya gani ɗin ma bai san farashin da zai tarar ba. Ruwa ba ya tsami banza, lissafin lambun ne ya canza.

Kai ka fi ni sani, zamanin mahaifinku da jigo ake ban ruwa, ƙarfin mutum ne jarinsa. Daga baya injin ban ruwa ya shigo ya bazu, musamman da shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990, kowa ya ajiye jigo ya kama inji da tiyo, wuri ya faɗaɗa, aiki ya yi sauƙi, amma tun daga ranar noman rani ya rataya a wuyan fetur. To ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Shi kuma kwami bai san an cire tallafi ba, in ya kwana uku huɗu a zafin Maris bai sha ruwa ba shikenan. Ka ɗora kuɗin taki kamfa da yuriya, ka ɗora maganin feshi da iri da kuɗin masu dashe, duk kafin a cire ko ganye ɗaya, sannan kai ma mai wuri kana son kuɗin hayarka tun farko. Yaron da ba shi da jari sai ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Tumatir ɗin ma da ake ganin shi ne kuɗin, ya ƙona mutane da yawa. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta share gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma ba ta tafi gaba ɗaya ba, takan dawo in zafi ya shigo. Shekarar da ta yi kyau kuma sai kowa ya kwaso lokaci guda, na Kadawa da Kura da Danja da Ikara duk su sauka kasuwar Bakin Dogo a manyan motoci, mai ɗan lambun cikin gari da kwandunansa biyar shida dole ya sayar yadda suka sayar.

Amma akwai wani abu da ya fi fetur a wurina, kuma a cikin wasiƙarka na tsince shi, wato dillalan nan da ka ce kullum suna hanya. Baba masu haya suna da ido. Mutum ya kama wuri na rani ɗaya, ya yi ta jido kashin kaji da takin turke yana zubawa, ya gyara hanyar ruwa, ya yi shinge, kuma kowa ya san amfanin takin gargajiya ba a shekarar farko yake ƙarewa ba, sai ga wasu da tef suna awon wurin yana tsaye. Me zai sa ya dawo baɗi? Sun ga yadda gonakin wajen Danbushiya suka koma unguwar Millennium City, sun ga fadamun da aka cike da ƙasa aka dasa bulo, ba wanda zai gyara wurin da gobe za a ce masa ya tashi. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma da zarar wuri ya fara zama fayau sai abin ya riƙa jan kansa, don lokacin da kuke mutum 14 kowane lokaci akwai wani a fadamar, akuya ba ta shiga, ɓarawon tiyo ba ya samun sarari, yanzu mutum 4 ne tsakiyar ciyawa, ƙwari da ɓeraye daga sauran suke fitowa su afka wa na mai aiki, in dabbobi suka shigo ba mai kora. Wanda ya rage sai ya ga wahalarsa ta ninku, baɗi shi ma ya tafi.

Wannan abin ba mu kaɗai ya taɓa samu ba. A Ingila akwai filayen lambu da ƙananan hukumomi ke yankawa suna ba mazauna gari haya da ɗan kuɗi kaɗan a shekara, kowane yanki wajen murabba'in mita 250, wato ya ɗan fi rabin fulotinmu na ƙafa 50 da 100. Lokacin yaƙin duniya na 2 da abinci ya yi wuya sun haura miliyan ɗaya, amma da aka gama yaƙi abinci ya wadata a kanti sai mutane suka watse, wurare suka zama ciyawa, har gwamnati ta kafa kwamiti ya fitar da rahoto a kan lamarin a 1969, aka yi ta sayar da filayen ana gina gidaje. Bayan shekaru sai ga sha'awar ta dawo, yau a garuruwa da yawa mutum sai ya yi shekaru a layi yana jira, kuma wuraren da aka gine sun tafi kenan. Abin da hukumomin suka koma yi da ɗan abin da ya rage shi ne raba yanki ɗaya gida biyu don ma'aikaci mai zuwa ofis ya iya riƙewa. Wannan dabarar ita na fi so ka ɗauka.

Don haka rage kuɗin haya kaɗai ba zai cika maka fadama ba, ko kyauta ka bayar fetur ɗin na nan. Yankan da mahaifinku ya yi na zamanin da magidanci da 'ya'yansa ke wuni a lambu ne, yanzu ka sake yanka wuraren da ba kowa su zama ƙanana, wanda mutum ɗaya zai iya shayarwa da safe kafin ya tafi wani aikin. Ka daina cewa sai an biya tun farko, ka karɓi rabi ko ka bari sai an fara cira, ko ku yi noma mu raba da wanda ka yarda da shi. Sannan ku yi takarda a gaban mai unguwa da shaidu cewa wanda ya kama zai riƙe rani 3 ba tashi ba ƙari, wallahi wannan takardar kaɗai za ta dawo maka da wasu daga cikin waɗanda suka tafi. Maganar ruwa kuma maimakon kowa da injinsa, a haɗa kuɗi a yi inji ɗaya ana karɓa-karɓa, manoma da yawa sun mayar da injinsu na gas ɗin girki tun bayan cire tallafi, akwai kuma na sola in da hali, tsadarsa a saye ne kawai. Ka leƙa ofishin hukumar raya aikin gona ta jiha ka nemi malamin gona na yankinku, ƙungiya ta fi mutum ɗaya samun kunne a irin waɗannan wuraren.

Kuma a bar gasa da Kadawa a kan tumatir. Abin da fadamar cikin gari ta fi kowa shi ne kusa da kasuwa, alayyafo da latas da yakuwa da lansir da ganyen albasa ba sa jure doguwar tafiya, kai kuwa a cire da asuba kafin hantsi suna Kasuwar Kawo ko hannun masu abinci. Alayyafo wata ɗaya da 'yan kwanaki an fara cira, kuɗi na juyawa da wuri, irin wannan ne saurayi zai iya haɗawa da Kekensa.

Batun sayarwa kuwa, ƙannenka suna da haƙƙi, gado ne, mata da maza kowa da rabonsa kuma ba zan ce ka danne kowa ba. Amma ka tuna musu me ya sa ake kiranta fadama. Duk wanda ya zauna Kaduna ya san abin da kogin nan ya yi a 2003 da 2012, kuma kusan duk damina sai an ji ruwa ya shiga gidajen bakin kogi, ku mutanen Rafin Guza ba sai an ba ku labari ba. In kuka sayar wa bawan Allah ya gina ruwa ya ci, ko hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ta zo ta shafa jan fentin rusau, da wane ido za ku kalle shi a masallaci? Kafin kowa ya karɓi ko sisi daga dillali ku je hukumar kula da filaye ta jiha, KADGIS, a duba matsayin wurin, a gaya muku inda aka yarda a yi gini da inda ba a yarda ba. In akwai ɓangaren tudu da ruwa ba ya kaiwa kuma wani cikinku yana cikin matsi, a iya fitar masa da nan, ko masu son riƙewa su sayi rabon masu son fita. Ni dai roƙona ka nemi su ba ka rani 3 ka gwada sabon tsarin, ƙasa ba ta ruɓewa, dillalin ma yana nan.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni malamar firamare ce na yi ritaya, ina Malali, ina son ɗan wurin da zan riƙa shuka kayan miya ko don cefanen gida ya yi sauƙi, amma duk inda na tambaya a bakin kogi sai a ce sai dai in kama babban wuri gaba ɗaya, wani ma dariya ya yi wai mace da lambu. Gidanmu kuma duk siminti ne. Ya zan yi?

Daga wata uwa, Malali

AMSA

Hajiya barka kadai, Allah ya sa albarka a hutun. Da gangan na ajiye wasiƙarki a ƙarƙashin ta Baba, don ga mai wuri yana neman mutane ga mai nema an hana ta wuri, kuma tsakanin Malali da Rafin Guza ba wata tafiya ba ce. Wanda ya yi miki dariya bai yi daidai ba, zogale da rama da kubewar bayan ɗaki ai tun asali iyayenmu mata ne ke shuka su.

Kafin a samu wuri kada simintin ya hana ki, ki samu buhunan shinkafa ko na siminti da aka wanke, ki huda ƙasansu don ruwa ya riƙa fita, ki cika da ƙasa mai kyau haɗe da takin da ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Attarugu da tattasai da alayyafo da kubewa duk suna yi a buhu in suna samun rana, ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe su, banda mai omo. In kuma fadamar kike so, ki nemo mata uku huɗu irinki ku je a ƙungiyance ku kama yanki ɗaya ku raba, ku ɗauki yaro ɗaya mai ban ruwa kuna biyansa tare. Ki dai lura da ruwan da ake shayarwa da shi, in daga kwata ko magudanar da ke ɗauko dattin unguwa ake ja, kar ki shuka latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye a wurin.

In kin amince ki sake turo mana saƙo, shi ma Baba in ya amince jikansa ya turo, sai mu haɗa ku ta ofishin mujalla ku je ki ga wurin da idonki kafin lokacin rainon iri ya wuce.