Tambaya da Amsa: Wa Ya Fara Auna Insulin a Jini?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar aikin gwajin jini ce. Wa ya gano hanyar auna sinadaran homon (masu kai saƙo a jiki, irin su insulin mai daidaita sukarin jini), alhali ɗan mitsitsi ne a jini?

Amsa: 'Yata, mace ce, Rosalyn Yalow ta Amurka, kuma ba likita ba ce ma, fiziks ta karanta. A 1950 ta haɗu da Dakta Solomon Berson a asibitin tsofaffin sojoji na Bronx, birnin New York, suka yi shekara 22 suna aiki tare.

Sun lura cewa masu ciwon sukari da ake yi wa allurar insulin na dabba, garkuwar jikinsu tana kama shi ta riƙe. Masana suka ce sam, insulin ya yi ƙanƙanta da ya tayar da garkuwa. Har mujallu suka ƙi buga binciken da farko. Daga wannan kamun suka ƙirƙiro gwajin RIA: a sa insulin da aka yi wa alama da sinadarin aidin mai fitar da hasken nukiliya ya yi rububin gurbi a jikin ƙwayoyin garkuwar da na jinin majiyyaci, yawan wanda aka ture ya nuna adadin. Da shi aka tabbatar cewa yawancin waɗanda ciwon sukari ya kama bayan sun girma suna da insulin, jikin ne ba ya jin maganarsa.

Abin da ya fi burge ni, sun ƙi yin rajistar mallakar fasahar, suka bar wa duniya. Berson ya rasu a 1972, ita ta karɓi kyautar Nobel a 1977. Ba a ba mamaci, shi ya sa babu sunansa.