Amsa: Tsohon ɗan sikawut sai ya yi kwas kafin ya riƙe yara?

Malam, ka ce ka yi sikawut tun kana firamare, yanzu makarantarku ta danƙa maka yara, kana tambaya ko dole sai ka je kwas. A ganina dole ne.

Ƙulla igiya da kafa tanti ka iya, babu musu. Amma a wancan lokacin kai ake kula da shi, wani ne ke lissafin ruwan sha, wani ke kwana da ido ɗaya. Yanzu in yaro ya suma don zafin rana, ko kunama ta harbe shi da tsakar dare, kai za a kalla. A kwas ake koyar da taimakon gaggawa, da karɓar izinin iyaye a rubuce, da ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, wadda ke kare yaron ta kuma kare mutuncinka.

Abin da ya fi wuya shi ne sakar wa yara ragama. Tsarin Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, shi ne a kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni yara shida zuwa takwas, ɗayansu ya shugabanci sauran. Wanda bai samu horo ba yakan mai da abin fareti da tsawa kawai, yaran su watse. Shi ya sa tun 1919 aka fara kwas ɗin manya na Wood Badge a Gilwell Park da ke Ingila.

Ka nemi kwamishinan sikawut na jiharku, ka fara da matakin farko. Kafin nan, don Allah kada ka kai yara kwanan daji.